MATA A MADUBIN FIM: Ina Aka Baro Rabi?

Duk wanda ya saba kallon finafinan Hausa ya san yadda akasarin labaran soyayya ke ƙarewa. Yarinya ta sha kuka ta gode Allah, iyaye sun sauko, mugun mai kuɗin nan ya ji kunya, an ɗaura aure, an rangaɗa guɗa. Sai a saki waƙa, sunayen ma'aikata su fara hawa, 'yan kallo su watse kowa ransa fes. To amma ina labarin amaryar nan bayan shekara 20, lokacin da lalle ya daɗe da gogewa, 'ya'ya sun cika tsakar gida, maigida kuma ya fara cin magani? Nan ne kyamara ba ta cika son leƙawa ba.

Akwai wata mata da ta leƙa. Ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, marubuciya 'yar Kano, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A 1990 ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Abdulkarim Muhammad ya mayar fim a 1998, zamanin da kaset ke tashe kuma matan unguwa ke taruwa a ɗaki ɗaya su yi kallo.

Tauraruwar labarin, Rabi, ba budurwa ba ce mai rausaya a cikin furanni. Matar aure ce mai 'ya'ya tara. Mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, yana da abin hannunsa, amma cefanen gida sai an yi da gaske. Ana cikin haka ya auro Delu, wata mai zaman kanta. Ba a jima ba rigima ta ɓarke tsakanin matan, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta ita da 'ya'yanta. Shi ke nan, shekarun da ta yi tana wahala a gidan suka tashi a tutar babu.

Wani marubucin da nan zai zaunar da ita tana sharar hawaye har ƙarshen labari. Rabi kuwa ɗamara ta ɗaura. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta tsaya kan tarbiyyarsu, har 'yarta Saudatu ta auri Alhaji Abubakar, mutum mai wadata da ya san darajarta. Can kuma alhaki ya bi mai shi: gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta nuna masa halinta, ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko. A ƙarshe aka taru a kan Rabi, aka matsa mata ta koma. Har yau masu karatu na gardama kan wannan ƙarshen. Wasu na cewa ai haƙuri ne ya yi riba. Wasu kuma na cewa marubuciyar ta nuna ne yadda ake yanke wa mace hukunci a kan rayuwarta ba tare da an tambayi zuciyarta ba. Labarin da aka shekara fiye da 30 ana musu a kansa, ai ka san ya taɓa inda ke ciwo.

Me ya sa Rabi ta fito kamar matar da kowa ya sani a layinsu? Domin wadda ta rubuta ta ba jita-jita ta ji ba. Hajiya Balaraba tana 'yar shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren kuma bai ɗore ba. Daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin yaƙi da jahilci a Kano, ta kama alƙalami, ta shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino. Littafinta Budurwar Zuciya ya fito a 1987, yana magana kan mazan da suka mai da aure da saki kamar canjin riga. Wa Zai Auri Jahila? kuma labarin Abu ne, yarinyar da aka raba da makaranta aka ba tsoho, ta ƙi yarda rayuwarta ta ƙare a nan, ta nemi ilimi har ta zama abin kwatance. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin sha'awa, ƙasar da ake zargin 'yan fim ɗin Hausa da kwaikwayon rawarta, ita ce ta zo neman labarin Rabi.

Wani zai ce ai irin waɗannan labaran tona asirin gidan Musulmi ne, ko zuga mata su yi wa maza bore. Sai dai a duba da kyau. Rabi ba ta yi faɗa da addininta ba, da shi ta dogara. Wanda ya saɓa wa addini a labarin shi ne Alhaji Abdu. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. Ciyar da 'ya'ya da tufatar da su nauyi ne a wuyan uba, ko da aure ko ba aure. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, uwa ce ta fi cancantar riƙon 'ya'yanta bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, matuƙar uwar ba ta yi wani auren ba. Sau nawa aka ga jaruma a fim ta buɗe baki ta faɗi waɗannan haƙƙoƙi? Abin da aka fi ji shi ne, "Yi haƙuri, 'yar nan, zaman aure ibada ne." Gaskiya ne, ibada ne. Amma ibadar ta mutum biyu ce.

Tun daga Turmin Danya na 1990, industiri ya yi nisa. Sangaya ya zo ya buɗe kasuwar waƙa da rawa, furodusoshi suka gano inda kuɗi yake, kowa ya bi. Ba laifi ba ne saurayi da budurwa su so juna a fim, kuma babu mai cewa a daina. Matsalar ita ce an taƙaita mace a gida uku: budurwa mai kuka, kishiya mai bin boka, sai uwa mai faɗa ko sa albarka a sin biyu. Ga kuma al'adar nan ta industiri, da zarar 'yar wasa ta yi aure sai ta bar fitowa. Ke nan a daidai lokacin da ta fara sanin mene ne zaman gidan miji, lokacin ne ake rasa ta a gaban kyamara. Amma ai aure bai hana riƙe biro ba, bai hana zama furodusa ba. Ita kanta Hajiya Balaraba da girmanta ta rubuta kuma ta shirya Juyin Sarauta, fim na tarihi. Tun kafin a san wani abu wai shi fim, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu ta kuma tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Mace Musulma mai ba da labarin 'yan'uwanta mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Yau kaset ya zama tarihi. Finafinai masu dogon zango sun koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma labari ɗaya kan ɗauki makonni ana jan sa. Uzurin cewa lokaci ba zai isa a bi amarya har cikin ɗakinta ba ya ƙare. Saura 'yan kallo, musamman matasa, domin abin da suka kalla shi furodusa zai sake yi.

Yarinyar da ke kallon fim a wayarta da daddare, wataƙila Rabi na ɗaki na gaba, ta gaji da tuyar ƙosai ta yi barci. Ita ce ta biya kuɗin makaranta, ita ce ke tashin kowa sallar asuba. Ta taɓa zama budurwa, an taɓa yi mata guɗa. A tambaye ta labarinta tun tana da rai, a kuma nemi masu fim su ba ta babban rol.