SHARHI: Jif a birni, akori-kura a daji: wa ke biyan kuɗin lalacewar hanyoyin karkarar arewacin Kano?

A Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu akwai ƙungiyoyin da sha'awarsu ita ce neman mummunar hanya. Mutum zai sayi mota mai jan taya huɗu, ya ɗaga mata ƙafa, ya sa mata manyan tayoyi da na'urar janyo mota, ranar hutu su yi jerin gwano su nufi daji neman taɓo da duwatsu. In mota ta kafe a taru a ciro ta, in ta lalace a kwance ta a gyara, a koma gida ana raha. Gasar Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta sha ratsa Agadez da hamadar Tenere a Nijar, kafin barazanar tsaro ta sa a soke ta a 2008, a mayar da ita Kudancin Amurka, sannan Saudiyya tun daga 2020.

Abin da waɗancan ke kashe kuɗi su yi don nishaɗi, shi ne aikin yau da kullum na direban da ke jigilar mutane da buhuna tsakanin ƙauyukan Bichi da Bagwai da Ɗambatta da Makoɗa da Tsanyawa da Minjibir. Bambancin kawai, shi ba shi da motar da aka ƙera don wannan aiki. Abin da ke hannunsa tsohuwar akori-kura ce, ko J5, ko Golf da ta gama rayuwarta a Turai, ko kurkura, ko babur. Motocin da aka ƙera don daji kuwa, yawancinsu suna kan kwalta a Abuja da unguwannin Nasarawa da Bompai a Kano. Wannan saɓani shi ne taƙaitaccen tarihin siyasar hanyoyin karkara a Najeriya.

Ƙasa cike da jama'a, hanya kamar zare

Tun a shekarun 1960 masana, musamman Michael Mortimore, suka yi fice da nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, saboda yawan jama'arta da yadda ake noma kowane taƙi nata duk shekara ba tare da an bar gona ta huta ba. Jakuna ne ke kai itace birni su dawo da taki. Gona na jingine da gona, iyakarsu shingen aguwa ko gamba, a tsakaninsu burtali da ƴan siraran hanyoyi da ƙafar mutum da ta dabba suka fitar.

Waɗannan hanyoyi su ne mota ta gada. Ba a yi musu ciko ba, ba a yi musu magudanar ruwa ba, kuma da yake shekaru aru-aru ana takawa, da yawansu sun fi gonakin da ke gefensu zurfi. Idan ruwan Agusta ya sauka, hanyar ce ke zama rafi. Ƙasar yankin mai rairayi ce, ruwa na yankar ta cikin sauƙi, ƙaramin rami a farkon damina kan zama kwazazzabo kafin kaka. Da rani kuma wata wahalar ce: yashi ya tara, motar da ke ja da taya biyu ta nutse har ciki. Ga tifofin ɗibar yashi da ke bi ta kan hanyar da ba a yi ta don nauyinsu ba.

Manyan tituna suna nan. Akwai na Kano zuwa Katsina da ya bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, akwai na Kano zuwa Daura ta Ɗambatta da Kazaure. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, shi ma ta wannan yanki ya ratsa. Matsalar tana cikin kilomita biyar ko goma ko ashirin da ke tsakanin ƙofar manomi da bakin kwalta. A nan gero da dawa da gyaɗa da wake ke yin tsadar ɗauka kafin su kai kasuwar Dawanau, a nan tumatir da albasar noman rani na madatsun Watari da Tomas ke fara lalacewa.

Wani lokacin kuɗin da ake biya rai ne. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da fasinjojin da suka taso daga Badau za su Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. An yi ta maganar lodin da ya wuce kima, kuma gaskiya ne. Amma mutane kan cika jirgi ne idan hanyar tudu ta yi nisa ko ta yi wuya. Haka mace mai naƙuda da aka ɗora a babur ko amalanke cikin dare: jinkirin isa asibiti na cikin sanannun dalilan mutuwar mata wajen haihuwa.

Harajin da ake biya a gareji

Duk wanda ke son sanin halin da hanya take ciki, ya tambayi bakanike. A garejin bakin tasha a Bichi ko Ɗambatta, aikin da ya fi yawa shi ne gyaran ƙafa: shokozoba ta mutu, sifirin ya karye, boris ya ci. Kuloci na ƙonewa wajen kokawa da yashi. Salansa na faɗuwa idan cikin mota ya daki tudu. Ƙura na toshe matacin iska ta ci inji, ruwa na shiga wayoyi ya kai mota wurin mai gyaran wuta. Mai faci da mai walda ba sa rasa ciniki ranar kasuwa.

Makanikan nan sun ƙware wajen raya abin da ya mutu. Suna ƙara wa sifirin ganye don mota ta ɗauki lodi, su ɗaga ta, su haɗa kayan wata mota a jikin wata. Da su ne karkara ke motsi. Sai dai basira ba ta sauya farashi. Kusan duk kayan gyaran daga waje suke zuwa, ko sababbi daga Asiya ko na hannu da ake kira Beljiyam, su sauka a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano kafin su isa ƙauye. A da, akori-kurar Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ita ce jakar karkara, kayanta kuma a ko'ina ake samu. Wannan zamani ya wuce.

Abubuwa biyu da suka faru a 2023 sun sauya lissafin gaba ɗaya. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Mota a kan mummunar hanya tana tafiya da ƙaramar giya, ta sha mai fiye da kima, ta kuma ci kayan gyaran da dala ke yanke wa farashi.

Direba ba ya haɗiye wannan asara, kuma ba zai iya ba. Yana ƙara kuɗin mota, ko ya ƙara lodi, ko ya jinkirta gyara har birki ya ƙi ci a hanya, ko ya daina zuwa ƙauyen baki ɗaya. Ɗan kasuwar da ya shiga sayen hatsi yana cire kuɗin ɗauka daga abin da zai ba manomi. Mai kawo takin zamani da magani yana ɗora nasa a kai. Manomi ya sayar da araha, ya saya da tsada, mai saye a birni kuma bai samu sauƙi ba. Haraji ne da babu majalisar da ta zartar da shi, babu rasiɗi, amma kowa na biya.

Maganin manya

A watan Oktoban 2023, ana tsakiyar raɗaɗin cire tallafi, aka samu labarin sayen manyan motoci ƙirar Toyota ga ƴan Majalisar Tarayya 469. Rahotanni sun ƙiyasta kowace a kan kusan naira miliyan 160. Na ƴan Majalisar Wakilai 360 kaɗai ya kama naira biliyan 57.6. Da ƙorafi ya yi yawa, shugaban kwamitin kula da hidimomin Majalisar Dattawa, Sanata Sunday Karimi, ya kare sayen da hujjar cewa hanyoyin Najeriya sun lalace, ana buƙatar motar da za ta jure.

Hujjar ta faɗi gaskiya fiye da yadda aka yi niyya. Waɗanda ke amincewa da kasafin kuɗin ƙasa sun yarda hanya ba ta biyuwa, sai suka sayi mafita ta kansu da kuɗin jama'a. Haka ake yi da janareta idan wuta ta gagara, da rijiyar burtsatse idan famfo ya ƙafe, da asibitin waje idan na gida ya mutu. Illar ita ce, jiki magayi: wanda ramin hanya ba ya girgiza shi ba zai ji gaggawar cike shi ba. Jerin gwanon Hilux da Prado kan shiga ƙauye lokacin yaƙin neman zaɓe ko ta'aziyya, ya fita lafiya, ya bar ƙura.

Hanyar wa ce?

Hanyoyin Najeriya sun kai kusan kilomita dubu 200, kuma wajen kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu gina hanyoyinsu da kula da su. Amma sashe na 162 ya sa kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma shekara da shekaru gwamnoni ne ke yanke abin da zai kai ƙasa. Mai nauyi ba shi da kuɗi, mai kuɗi ba shi ake tuhuma ba.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Kano ta yi zaɓen ƙananan hukumominta 44 a ranar 26 ga Oktoban wannan shekarar. Sai dai an shafe fiye da shekara ana jan ƙafa kan aiwatar da hukuncin a faɗin ƙasar, kuma ko kuɗin ya iso, babu tabbacin zai zama kwalbati idan babu mai bin sawu.

Ba a rasa yunƙuri ba a tarihi. Hukumar KNARDA ta yi hanyoyin karkara a shekarun 1980, gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI a 1986. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu ta fara titin kilomita biyar-biyar a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma; da yawa suka tsaya bayan 2015, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta koma kansu. Waɗannan suna gyara fuskar gari, amma ba su ne ke fito da buhu daga gona ba. Shirin da ya nufi wannan kai tsaye shi ne RAAMP, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 280, hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta ƙara nata, Kano kuma na cikin jihohi 13 na farko.

Darasin da duk waɗannan shirye-shirye suka bari guda ne: ginawa ta fi kulawa sauƙi a siyasa. Sabuwar hanya tana da allo da ranar buɗewa da hoto. Yashe magudana kafin damina, da bin hanyar burji da gireda, da cike rami tun yana ƙarami, ba su da biki. Alhali hanyar burji da aka bari damina biyu ko uku ba kulawa takan koma yadda take. Shi ya sa RAAMP ya nemi jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun kula da hanyoyi na dindindin. Kuɗin shirin bashi ne. Idan hanyar ta wanke kafin a gama biya, matasan yau ne za su biya kuɗin abin da babu shi.

Sabon dalili: tsaro

A ƙarshen 2025 hare-haren ƴan bindiga daga ɓangaren Katsina sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, yankin da a da ake ganin ya tsira. Maharan a kan babura suke, kuma babur ba ya buƙatar hanya. Jami'an tsaro a mota suke, mota kuma tana buƙata. Kwalbati guda da ya karye na iya mayar da tafiyar minti ashirin ta zama ta sa'a biyu. Raba wa jami'ai sababbin Hilux abu ne mai kyau, amma motar sintiri ma shokozoba gare ta, kuma harabar ofisoshin gwamnati a ƙasar nan cike take da motocin da aka jingine saboda ba a ware kuɗin gyaransu ba.

Tambayoyin da suka dace da 2027

Kakar zaɓe na ƙaratowa, jif-jif za su sake shiga burtali. Matashin da ke da waya da intanet yana da abin yi fiye da ɗaukar hoton motar da ta kafe. Kasafin kuɗin jiha a bayyane yake, haka abin da kwamitin rabon arzikin ƙasa ke ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata. Nawa aka ware don kula da hanyoyin karkara, ban da gina sababbi, kuma nawa aka saki? Waɗanne hanyoyi ne ke cikin jerin RAAMP a Bichi ko Bagwai ko Makoɗa, wane ɗan kwangila, yaushe wa'adinsa? Ƙaramar hukuma tana da gireda mai aiki? Nawa aka kashe wa motocin jami'ai a shekarar da aka ce babu kuɗin kwalbati?

Direbobi da makanikai da matasan da ke fitowa aikin gayya da fatanya da buhunan ƙasa sun san kowane wurin da ke yankewa duk damina. Jerin waɗannan wurare, mazaɓa bayan mazaɓa, da hoto da kwanan wata, takarda ce da za a iya ajiye wa duk ɗan takara a gabansa, a kuma dawo masa da ita bayan damina ta farko da hawansa mulki.