A Sallame Mu, Abinci Yana Hucewa a Gida



Maganar yau ba za ta yi wa wasu shugabanninmu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙarar da na kawo ita ce: tarurrukan da ake cusawa bayan sujada sun cinye abincin rana na Lahadi a gidajenmu, kuma ana kiran wannan ɓarna hidimar Ubangiji.

Ku duba yadda Lahadi take tafiya a yawancin majami'unmu. An yi sujadar Turanci, an shiga ta Hausa, an yi wa'azi, an yi baiko. Kafin Fasto ya sa albarka sai sakatare ya miƙe da takardarsa. Zumuntar mata su tsaya ta gefen dama. Dattawa su haɗu a ofis. Mawaƙa kada su tafi. Kwamitin gini, kwamitin bikin girbi, kwamitin auren wance. Matasa kuma a haɗu a ƙarƙashin mangwaro, minti biyar kacal. Kowa ya san tsawon minti biyar na majami'a. Mama ba ta shiga gida sai biyu da rabi. Baba sai wajen huɗu, ya zo a gajiye, a miƙa masa nasa a ɗaki. 'Yar gida tana can tana koyon waƙa. Ɗan gida kuwa daga taro ya zarce gidan kallon ƙwallo. Ƙananan yara tun sha biyu suka buɗe tukunya, kowa ya ɗiba ya ci a tsaye. Girki ɗaya, an ci shi kashi biyar, babu wanda ya ga fuskar wani, addu'ar godiya ma kowa ya yi tasa in ya tuna.

Abin da ya sa na damu da Lahadi shi ne, sauran ranakun tuni suka kuɓuce mana. Ma'aikaci yana fita tun da duhu, mai gona yana gona, mai kasuwa sai dare, yara suna makaranta da darasin yamma. Asabar kuwa ta ɗaurin aure ce da jana'iza da wanki. Rana ɗaya tak ta rage da uba da uwa da 'ya'ya za su iya zama gaban kwano ɗaya da rana tsaka, ita ce kuma ikkilisiya ta sa hannu ta ɗauke. Lahadi 52 ne a shekara. Yaron da zai tafi makarantar kwana yana shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, daga nan sai hutu, daga hutu sai jami'a, sai bautar ƙasa, sai aure. Ku lissafa da kanku Lahadi nawa iyayensa suke da su tare da shi kafin ya zama baƙo a gidansu.

Wani zai ce ai abinci abinci ne, ko yaushe aka ci ciki ya cika, aikin Allah kuwa ya fi tuwo. Mai faɗin haka bai lura da yadda Allah kansa ya tsara koyarwa ba. A Fitowa sura 12, Idin Ƙetarewa na farko a cikin gidaje aka yi shi, ɗan rago ɗaya ga kowane gida, gidan da mutanensa ba su da yawa su haɗu da maƙwabci. Aka kuma shirya abin yadda yaro zai yi tambaya, uba ya ba shi labarin ceto. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora wa iyaye koyar da 'ya'ya, wuri na farko da ta ambata kuwa shi ne zaman gida. To yaushe ake zaman gidan? Malamin makarantar Lahadi yana da yara talatin da minti arba'in, ba zai taɓa sanin cewa wance ta daina cin abinci sosai ba, ko wane ya fara amsa magana da kai a sunkuye. Uwa ce take gane wannan, a bakin kwano take gane shi.

Ku sake karanta Luka 24. Ranar farko ta mako ce, wato Lahadi. Almajirai biyu suna tafiya Imuwasu, tafiyar wajen mil bakwai daga Urushalima, Ubangiji da kansa yana buɗe musu Littattafai tun daga Musa har annabawa. Babu wa'azin da ya kai wannan, duk da haka ba su gane shi ba. Sai da suka zauna cin abinci, ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya gutsuttsura, sa'an nan idanunsu suka buɗe. Da a ce ranar an riƙe su a taron kwamiti fa?

Akwai kuma wata aya da nake so masu tsara tarurruka su zauna da ita, Markus 7:9-13. Farisiyawa sun koya wa mutane cewa in mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi Korban ne, wato keɓaɓɓe ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga haƙƙinsu. Yesu ya ce da wannan al'ada suna soke umarnin Allah. A can dukiya ce, a nan lokaci ne. Saurayin da tsohuwarsa ta tashi tun asuba ta dafa, ta zauna tana jiransa, shi kuwa yana can yana gardama a kan launin rigar da za a ɗinka don makon matasa, ya dawo da yamma ya ce ai aikin Ubangiji ya riƙe shi, me ya raba shi da mai cewa Korban?

Na san hujjar shugabanni, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa Lahadi ce kaɗai ake samun kowa, in aka sa taro ranar Laraba mutum biyar ne za su zo, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hana mutane zirga-zirga. Gaskiya ne. Amma abin da ya sa ake samun kowa a majami'a ranar Lahadi shi ne dai abin da ya sa za a iya samun kowa a gida. Tambayar ita ce wa ya fi cancanta da waɗannan sa'o'i biyu ko uku. Ku kuma faɗi gaskiya, kashi nawa na abin da ake tattaunawa a ƙarƙashin mangwaro ne ba zai shiga saƙo ɗaya na WhatsApp ba? Ana kwashe rabin sa'a ana jiran mutane su taru, rabin sa'a ana karanta bayanin taron da ya wuce, sannan a ɗage muhimmiyar maganar zuwa Lahadi mai zuwa.

Wasu kuma suna cewa zaman iyali a teburi al'adar Turawa ce, a wajenmu maigida shi kaɗai yake ci, mata daban, yara daban. Teburi da cokali mai yatsu, na yarda, ba namu ba ne, ba su nake nema ba. Amma tabarma da akushi da hannuwa da yawa a kwano ɗaya fa? A nan aka koya mana wanke hannu, da cin gabanmu, da barin nama har babba ya raba, da rage wa wanda bai iso ba. Shi kuwa zancen maigida ya ci shi kaɗai a ɗaki, zan faɗa da ladabi ga iyayenmu maza: Zabura 128 ta kwatanta mai albarka da mutumin da 'ya'yansa suka kewaye wurin cin abincinsa kamar dashen zaitun. Girman Baba ba zai ragu ba don ya fito tsakar gida sau ɗaya a mako. Akwai samari a cikinmu da ba su taɓa jin yadda ubansu ya ba da gaskiya ba, ko yadda bishara ta shiga ƙauyensu, ko wanda ya fara yin baftisma a danginsu. Irin wannan labari ba ya fitowa da umarni, sai an ci an ƙoshi ana shan kunu.

Zancen tsada ma na ji shi. A da shinkafar Lahadi da miyar kaza ita ce alamar ranar, amma a 2024 sai da buhun shinkafa ya haura naira 100,000 a wasu kasuwanni. To a dafa gwate. A tuƙa tuwon masara da miyar kuka. Karin Magana 15:17 ta riga ta fifita cin ganye inda akwai ƙauna a kan kiwataccen sa inda akwai ƙiyayya.

Kada matasa su karanta wannan su yi ta tafi suna nuna dattawa da yatsa. In an sallame ku da wuri kuka wuce kallon wasan Ingila na ƙarfe biyu ko uku, babu abin da aka gyara. In kuka zauna a tabarma, hannun dama a tuwo, na hagu a waya, gangar jikinku ce kawai ta zo. Ku kuma samari, wannan abinci da nake karewa ba daga sama yake saukowa ba. In zai zama Mama da ƙannenku mata ne za su rasa rabin sujada saboda girki, su kuma kwashe yamma suna wanke-wanke ku kuna miƙe, to hutun Lahadi na maza ne kawai. A Yahaya 21, wanda ya tashi daga matattu shi ya hura garwashi ya gasa wa almajiransa kifi a bakin teku. Wanda ya fi shi girma a cikinku sai ya ce yankan albasa ya fi ƙarfinsa.

Sai waɗanda ba su da gidan da za su koma. A kowace sujada akwai ɗalibin da garinsu ke nesa, akwai mai bautar ƙasa da ba ya jin Hausa sosai, akwai gwauruwa, akwai iyalan da rikici ya koro daga Gwoza ko Mangu ko Bokkos suna zaune a ɗaki ɗaya na aro. Muna gaishe su a bakin ƙofa, mu ce sai mako mai zuwa. Iyalin da suka watse kowa yana ci a tsaye ba su da inda za su zaunar da baƙo. Ranar da aka dawo da zaman, ƙarin kwano ɗaya ba wuya.

Don haka ga abin da nake roƙon shugaban zumuntarmu da kwamitinsa su kai gaban Fasto da dattawa. Daga sa albarka zuwa ƙarfe huɗu na yamma kada a sa wani taro, sai dai in rasuwa ce ko wani abin gaggawa. Mu matasa mu fara janye namu, tunda shi ne a hannunmu, mu mayar da shi bayan nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako ko yammacin Asabar. A gwada wata uku, sa'an nan a tambayi zumuntar mata abin da suka gani a gidajensu.