Makarantar Gwamnati Ta Wane Ne?

A ƙauyukanmu na Rano da Kibiya, in iska ta yaye rufin aji sai mu ce, "Ai ta gwamnati ce." Damina ta zo ta wuce, yara na karatu a gindin bishiya. To, 'ya'yan wane ne ke zaune a ƙasa? Ashe ba namu ba ne?

Gwamnati dai ta sha yin alkawari. A 1976 aka soma shirin UPE. A 2004 dokar UBE ta ce karatun shekara tara kyauta ne, kuma tilas. Duk da haka, a 2024 sai da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. Ashe doka kaɗai ba ta rufa aji.

A Amurka, tun 1991 Jihar Minesota ta yarda wata ƙungiya ta riƙe makaranta da kuɗin gwamnati bisa yarjejeniya. In ta kāsa, a rufe ta. Ba mu ce mu kwaikwaye su ba. Darasin shi ne, kuɗi daga gwamnati, sa ido daga jama'a.

Mu ma muna da kwamitin SBMC, inda iyaye da malamai da masu gari ke zama tare. Iyayenmu, Musulmi da Kirista, ku halarci taronsa. Ku tambaya: malami ya zo yau? Yaron aji huɗu ya iya karanta wasiƙa? Mu ɗalibai kuma, in hutu ya zo, mu koya wa ƙannenmu karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.