Intanet a gida: a san tiya kafin a yi ciniki

A wannan mako alƙalaminmu ya yada zango a Bune, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, inda wata ziyarar zumunci ta jawo mana maganar da ta shafi aljihun kowane magidanci mai talho a yau, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati. Maganar kuwa ita ce ta intanet a gida: wane kamfani ya kamata a bi, kuma me ya sa abin da aka saya domin wata guda yake ƙarewa tun wata bai raba ba.

Ƙanena malamin lakwal ne a can. Ya je Damagaram karɓar albashi, sai ya ga tallar wata ƴar akwati mai raba intanet a cikin gida, an haɗa ta da jiga 10 na wata ɗaya. A cikin shagon mai sayarwa akwatin tana gudu kamar ruwan kwazari. Ya ƙirga kuɗi ya biya, ya dawo gida yana murna. Da isarsa sai ya tarar ba ta kama rezo a ɗaki, sai an ɗora ta bisa katanga ta gefen gabas. Ya haƙura da wannan. Ran kwana na 8, ranar da aka ce lalle ya aika da sunayen ɗalibansa masu jarrabawa zuwa ofishin sufeto a Gure, sai saƙo ya shigo cewa jigarsa ta ƙare ƙaf. Aljihu babu ko dala, mai sayar da kiredi kuma ya ƙi ba da bashi. Dole ya ranci kuɗin mai, ya hau babur ya kai takardun da hannunsa, ɗalibai suka wuni babu malami.

Da na iso ya tare ni da ƙorafi: "Yaya, wallahi mutanen nan sun cuce ni. Wata guda suka ce, ga shi ko kwana goma ba a yi ba."

Na ce masa: "Malam, kafin mu yanke cewa an cuce ka, kawo talho-talhon gidan nan mu auna."

To a nan ne gizo yake saƙa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san ba a ciniki sai an ga tiyar da za a yi awo da ita, kuma magidanci ya san tiya nawa gidansa yake ci a rana. Intanet ma da awo ake sayar da ita. Ƙaramin ma'auninta shi ne mega, wanda ake rubutawa Mo a takardun talla, babban kuwa shi ne jiga, wato Go, kuma jiga 1 ta kai kimanin mega 1000. Idan aka ce maka jiga 10 na wata ɗaya, sharaɗi biyu aka gindaya maka a lokaci guda: na awo da na kwanaki. Wanda ya riga cika a cikinsu, shi ne ƙarshen ciniki. Ƙanena kwanakin ya ji, bai ji awon ba.

Abubuwan da ake yi da intanet ba cinsu ɗaya ba. Saƙon rubutu a WhatsApp kusan ba ya cin kome. Takardar ofis mai shafi kaɗan wadda babu hotuna a cikinta ba ta cika kai mega 1 ba. Kiran murya na minti ɗaya ma bai kai mega 1 ba. Amma bidiyo, shi ne gara mai cin rumbu: awa ɗaya ta kallo a matsakaicin haske tana iya lashe wajen rabin jiga, in kuwa aka ɗaga hasken hoton zuwa mafi kyau sai ta ci jiga 2 ko 3. A gidan ƙanena mun ƙirga talho 5 masu lambar sirrin akwatin: nasa, na mai ɗakinsa, na samari biyu, da na wani maƙwabci da aka ba don kunya. A ce kowanne ya kalli bidiyo na rabin awa kawai a rana, mega 250 ke nan, a wuri biyar ya zama mega 1250. A kwana 8 jiga 10 ta tafi. A wata guda gidan yana bukatar fiye da jiga 37. Aikin lakwal ɗin da aka sayi akwatin dominsa kuwa, duka-duka bai kai jiga 1 ba a wata.

Akwai kuma ci na ɓoye. Talho yakan sabunta manhajojinsa da kansa da zarar ya ji ya hau intanet ɗin gida, domin an ƙera shi bisa zaton cewa ta gida ba ta da iyaka. Haka nan zaurukan WhatsApp na dangi da na ƴan kasuwa da na ƙungiyar ma'aikata suna sauke hotuna da bidiyo ko mutum bai buɗe ba. Duka biyun ana iya rufe su a wurin saitin talho, kuma a wurin ne kowane talho na zamani yake nuna abin da kowace manhaja ta ci. Wanda ya duba wannan lissafi na mako ɗaya kafin ya je saye, ya san tiyar gidansa.

Wani abin da yake ruɗa jama'a shi ne bambancin yawa da sauri. Yawa shi ne girman randa, sauri kuwa shi ne faɗin bakin famfo. Ana auna sauri da megabit a daƙiƙa, kuma sai an tara megabit 8 ake samun mega 1. Abu mai nauyin jiga 1 yana sauka cikin wajen minti 17 idan saurin ya kai megabit 8, amma idan ya faɗo zuwa megabit 1 sai ya haura awa 2. Wannan shi ne sirrin kalmar nan ta Faransanci da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, "illimité", wato marar iyaka. A ƙasashe da dama, har da Faransa kanta, irin wannan tayi yakan zo da sharaɗi a ƙananan baƙaƙe: idan ka kai wani awo ba za a rufe maka famfo ba, amma za a matse bakinsa har sai ruwa ya koma ɗiga. Saboda haka tambayar da za a yi wa mai shago ita ce: bayan jiga nawa ake rage sauri, kuma zuwa nawa ake rage shi? A kuma tambaya ko wani kaso na jigar na dare ne kawai, ko ragowar da ba a ci ba tana bin mutum zuwa wata na gaba, sannan idan ta ƙare ko intanet tsayawa take yi ko kuwa kiredin kira take komawa ci.

Sai batun zaɓen kamfani. Sunayen da ƴan Nijar suka sani a wannan kasuwa duk sun sha canji. Celtel da ya shigo a 2001 ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov, daga baya Moov Africa a 2021. Orange da ya fara aiki a 2008 an sayar da shi a 2019, ya zama Zamani Telecom. Niger Telecom kuwa an kafa shi a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Kowannensu yana da magoya baya, kuma a kowace majalisa za ka ji ana musu a kan wanda ya fi. Wannan musu ba shi da amfani ga mutumin Bune, domin rezo ba a birnin Yamai ake auna shi ba, a tsakar gidanka ake auna shi. Ƙarfinsa ya danganta da nisan gidanka daga dogon ƙarfen kamfanin, da tudun rairayi ko kwarin da ke tsakaninku, da kaurin katangar ɗakinka, da yawan mutanen da suka hau ƙarfen a lokaci guda. Gida biyu a unguwa ɗaya suna iya samun saɓani. Alamar 4G da aka gani a shagon Damagaram ba ta ɗaukar alkawarin kome a kan garin da ke da nisan tafiya daga babbar hanyar da ta bi ta Gure zuwa Difa.

Gani ya kori ji. Kafin a sayi akwati, a ari layin kowane kamfani daga abokai, ko a sayi ƙaramin awo na kwana ɗaya, a gwada a cikin ɗakin da za a yi aiki. A gwada da safe, a gwada bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau, a gwada kuma ranar kasuwa, lokacin da baƙi suka cika gari. A duba harafin da ke kusa da alamar rezo: in E ya nuna, tsohon rezo ne mai jinkiri, da ƙyar yake ɗaukar fiye da saƙon rubutu, kome yawan jigar da aka zuba masa. A tambaya kuma ko akwatin a ɗaure take da layin kamfani ɗaya, domin wadda take karɓar kowane layi ta fi ba mutum ƴancin sauya sheƙa. Ƴan kasuwar da ke tsallakawa Nijeriya zuwa su Nguru da Gashuwa su tuna cewa awon da aka saya a gida ba lalle ne ya bi su ƙetare ba, gara su riƙe layin can domin can.

Tun watan Maris na 2025 an sami sabon shiga, wato Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya tun Janairun 2023. Shi ba ya bukatar dogon ƙarfe a gari, domin farantinsa yana magana kai tsaye da taurarin ɗan adam masu shawagi a nisan wajen kilomita 550 daga ƙasa. Ga ƙauyen da rezo bai isa ba, wannan babbar ƙofa ce. Sai dai kowa ya sayi doki ya shirya sayen ciyawa. Akwai kuɗin kayan aiki, akwai biya na kowane wata ko an yi amfani ko ba a yi ba, sannan farantin ba ya aiki sai da wuta. Inda wutar Nigelec ba ta kai ba, ko ba ta zama, sai an ƙara da farantin hasken rana da batir. Irin wannan nauyi ya fi dacewa da gidan likita, ko ofishin magajin gari, ko babban ɗan kasuwa, ko gidaje da yawa da suka haɗa kuɗi, bisa ga malami ɗaya mai jiran ƙarshen wata.

Kowa ya dubi bukatarsa. Ɗan kasuwar da yake jin farashin wake da na dabbobi ta saƙon murya, yake aika kuɗi ta su Nita da Amana, ba yawan jiga ne damuwarsa ba. Abin da yake kashe masa ciniki shi ne yankewar rezo a daidai lokacin da abokin hulɗa yake jiran amsa, don haka layi biyu na kamfani daban-daban da ƙaramin awo a kowanne sun fi masa babbar akwati ɗaya. Ma'aikaci kuwa ya raba na aiki da na gida: ya ware layin da babu mai taɓawa domin takardun ofis, ya bar wa iyali nasu awon, su san cewa in ya ƙare sai wani wata.

Ba mu ce laifin duka na mai saye ba ne. Tun 2018 ƙasarmu tana da hukumar ARCEP mai sa ido a kan kamfanonin sadarwa da kare masu amfani da su. Muna kira gare ta da ta tilasta a riƙa bayyana sharuɗɗan kowane tayi da baƙaƙe masu girma ɗaya da na farashi, a kuma faɗe su a gidajen rediyon karkara cikin Hausa da Barbarci da Fulatanci, tun da yawancin masu biya ba su karanta Faransanci. A kasuwar hatsi ba a yarda mai awo ya ɓoye tiyarsa a cikin buhu ba, bai kamata a yarda da haka a kasuwar intanet ba.

Kafin in bar Bune, ƙanena ya canza lambar sirrin akwatinsa, ya rufe saukar bidiyo a talho-talhon gidan, ya kuma ware layi ɗaya domin aikin lakwal. Maƙwabcin ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa da kyau, daga baya ya zo da shawarar su riƙa haɗa kuɗi. Da zan hau mota ya ce mini: "Yaya, ashe rariya na saya nake kukan zubar ruwa." Na ce masa ya rubuta ranar da ya zuba sabon awo a jikin kalandar ɗakinsa, in na dawo mu sake lissafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.