In An Cike Kududdufi, Ina Ruwan Zai Tafi?

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, labari ɗaya ake ji a unguwannin Kano: ruwa ya shiga gidaje, katanga ta faɗi, kwalbati ya toshe, hanya ta yanke. Mutane sukan ce ruwan bana ya yi yawa. Wani lokaci hakan gaskiya ne, kamar a 1988, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje masu ɗimbin yawa kuma suka rushe. Amma sau da yawa laifin ba na sama ba ne. Ambaliyar da ake kuka da ita da damina tun da rani aka shirya ta, ranar da wani jami'i ya sa hannu a takardar yanka fili, ko ranar da majalisar ƙaramar hukuma ta ɗage maganar yashe magudana zuwa wani zama.

Domin a fahimci haka, sai a fara da kududdufi. Mutanen dā da ƙasa suka gina birnin Kano, tun daga ganuwa har ɗakunan kwana. Inda duk aka haƙi ƙasar gini sai rami ya saura, da damina kuma ruwan unguwa ya gangara ya taru a ciki. Ta haka birnin ya samu kududdufai masu yawa, waɗanda suka zame masa rumbun ajiye ruwan sama ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ruwan da ya taru yakan tsiyaya a hankali cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, wani ya bi iska, ragowar kuma ta malala zuwa rafin Jakara. Yau an cike da yawa daga cikinsu, da shara da farko, sannan da ƙasa, daga bisani aka kafa shaguna da gidaje a kai.

Ɗalibin aji uku na sakandare zai iya lissafa abin da aka yi asara. Idan aka ce an yi ruwan milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan kowace murabba'in mita. Alal misali, a ɗauki unguwa mai faɗin hekta 20, wato murabba'in mita 200,000. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a tsakiyar damina, lita miliyan 10 ke nan ta sauka a unguwar, daidai da jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25 har guda 400,000. Kududdufi mai tsawon mita 100, faɗin mita 50, da zurfin mita 2, zai iya ɗauke wannan ruwa gaba ɗaya in babu kome a cikinsa. Bugu da ƙari, fili mai rairayi da ciyawa yakan shanye mafi yawan ruwan da ya sauka masa, alhali kuwa rufin kwano da daɓen siminti da kwalta kusan duka suke turowa waje. Ashe ke nan gari yana ƙara girma, ruwan da ke gudu a kan titi yana ƙaruwa, wurin da zai tsaya kuma yana raguwa. Ruwa bai san takardar mallaka ba. Inda ya saba kwana can zai koma, ko da ɗakin wani ne yanzu.

To, alhakin wa ne? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, cikinsu har da gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, makewayin jama'a, da sa wa tituna suna. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Ga shi kuma birnin Kano ya bazu cikin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Wanda ke ba da fili daban, mai yashe kwata daban, kwatar kuma takan fara a wannan ƙaramar hukuma ta ƙare a waccan. An taɓa yi wa birnin tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, amma gari ya daɗe da zarce iyakar da aka zana masa. Unguwannin awon igiya sun tashi a gonakin jiya, ba a bar wa ruwa hanya ba, balle makaranta ko asibiti.

Masu goyon bayan cike kududdufai suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce kududdufi matattarar sauro ne, yara kan nitse a ciki, ga wari, ga ƙarancin wurin zama. Gaskiya ne sauro a ruwa kwantacce yake ƙwai, cikin mako ɗaya zuwa biyu kuma ya fito da fiffike. Sai dai cike kududdufi bai kawar da ruwan ba, rarraba shi kawai ya yi. Maimakon tafki ɗaya da za a iya katangewa, a zuba masa kifi masu cin 'ya'yan sauro, sai a samu ɗaruruwan ƙananan taɓo a kowane lungu, irin waɗanda sauron zazzaɓi ya fi so. Idan kuma ambaliya ta haɗa masai da rijiya, amai da gudawa ne zai biyo baya. Warin kududdufi daga shara da ruwan kwata yake zuwa, maganinsa shi ne a hana zuba su.

Tarihin kimiyya ya nuna irin nauyin da ƙaramar shawara take da shi. A 1854 annobar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana ƙidaya mamata, ya gano cewa yawancinsu daga famfo ɗaya suke ɗibar ruwa. Ya kai hujjarsa gaban hukumar unguwar, washegari aka cire hannun famfon. Ƙidaya ce ta sa hukumar ta motsa, kuma irin wannan aiki bai fi ƙarfin kowace sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Saboda haka ya wajaba kowace ƙaramar hukuma ta cikin birni ta zana taswirar kududdufai da hanyoyin ruwan da suka rage mata, ta liƙa a bainar jama'a. Kada a yarda a cike ko ɗaya sai an nuna a rubuce inda ruwansa zai koma. A yashe magudanai a watan Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka. Ƙananan hukumomin takwas su riƙa zama tare da hukumomin jiha kan magudanan da suka ratsa iyakokinsu. A dawo wa duba-gari da martabarsa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kuɗi kuwa in babu awo da lissafi, kwalbati zai gina a inda ruwa ba ya bi.

Makarantu ma suna da nasu rabo. Da gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula za a iya auna ruwan sama kowace safiya. Malamin labarin ƙasa zai iya fita da ɗalibansa su auna kududdufin unguwa, su rubuta lungunan da ruwa ke kwana, su tambayi dattawa inda ramuka suke a dā. Idan aka haɗa wannan a takarda biyu aka kai wa mai unguwa da kansila, aka nemi a karanta a zaman majalisa, zai yi wuya a yanka wurin a ce ba a sani ba. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma hanyar ruwa tana cikin zanen da ya kamata a fara yi kafin a aza tubali.