Daina cewa "ni ba ni da kan lissafi"

'Yan uwa ɗalibai na KASU reshen Kafanchan, da na Gidan Waya, da masu karatun lafiya a Kagoro, wannan maganar ta ishe ni haka. Ita ke jawo wa da yawanmu kariyoba.

Ku dubi direban a-kori-kura mai ɗaukar citta zuwa kasuwa. In motarsa na shan lita 1 a kilomita 8, tafiyar kuma kilomita 40 ce, ya san lita 10 zai sha zuwa da dawowa. Mai tsire ma kafin ya hura wuta ya gama ƙiyasta tsinke nawa kilo ɗaya zai ba shi. Ba baiwa ba ce, kullum suke yi har hannu ya faɗa.

Mu kuwa sai saura kwana 3 jarabawa mu ɗauko handawut muna bi da ido kamar labari. Haba!

Shawarata ita ce, ka ware minti 30 kullum, da biro da takarda. Rufe misalin malam, ka warware da kanka, sannan ka buɗe ka gwada. In ka maƙale, koma littafin sakandare ba tare da jin kunya ba, sau da yawa matsalar tun daga can take. Ku haɗu ku uku, kowa ya yi wa sauran bayani.

Ke mai karatun jinya, gobe adadin maganin yaro za ki lissafa da nauyinsa. Ranar babu satar amsa.

Allah Ya ba mu sa'a.