GANUWA BA TA DA ƘAFA

Ƴan'uwa, akwai masu ce muna ƙasa ba ta tsaruwa sai da babbar ganuwa bisa iyaka. To, su tambayi Faransa!

Cikin 1930 majalisarta ta ware kusan miliyar 3 na kuɗinta don ganuwar Majino, bisa iyakar Jamus: siminti, ƙarfe, igwa, har da jirgi ƙarƙashin ƙasa. Mi ya faru? Ran 10 ga Mayu 1940 Jamusawa sunka taso, sunka bar ganuwa inda take. Tankokinsu sunka ratsa dajin Arden, inda manyan sojan Faransa sunka saki jiki, ran 13 sunka ƙetare kogi ga Sedan. Ran 14 ga Yuni suna cikin Pari. Ran 22 Faransa ta aje makamai, alhali ko ɗaya daga manyan sansanonin ganuwar ba a ci da yaƙi ba.

Wasu na cewa ai ta yi aikinta, tunda ta sa maƙiyi kewayawa. Wane aiki, gida ya ƙone ƙyaure na kulle? Ganuwa tsaye take, maƙiyi ke da ƙafa. Runduna mai motsi da shugabanni masu ido biyu, su ka tsaron ƙasa!